Noman Tumatir a Rataye: Dabara Ga Marasa Fili a Ƙasar Jega

Duk wanda ya ratsa ƙasar Jega da Aliero da Maiyama cikin hunturu, har ya zuwa ƙauyuka irin su Kashin Zama, ya san noman rani ba baƙo ba ne a wannan sashe na Jihar Kebbi. Albasar Aliero ta yi suna a kasuwannin ƙasar nan, tumatir da tattasai kuwa ga su nan a fadamun bakin Gulbin Zamfara. Amma ma'aikacin da ke zaune a gidan haya, ko ɗalibin jami'ar Aliero wadda aka kafa a 2006, ba shi da ko taƙi guda a fadama. Irin waɗannan su ne za su amfana da dabarar shuka tumatir a bokitin da aka rataye, kansa na kallon ƙasa.

Dabarar ta bazu ne a Amurka, inda wani mai suna Bill Felknor ya ƙera jakar shuka da ake kira Topsy Turvy, wadda mujallar Time ta sa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar 2005. To, amma ba lalle sai an sayo ta ba. Tsohon bokitin fenti mai cin lita 20 ya wadatar. Ana huda gindinsa kamar faɗin santimita 5, a zura dashen ta ramin yadda saiwa za ta kasance a ciki, ganye a waje, a tare bakin ramin da tsumma don kada ƙasa ta zube. Daga nan sai a cika shi da ƙasa mai haɗe da ruɓaɓɓen taki da buntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Kebbi, kuma yana rage nauyi.

Amfaninsa a fili yake. Kaji ba sa tone shi, akuya ba ta kai masa in an ɗaga shi sosai, 'ya'yan ba sa kwanciya a ƙasa balle su ruɓe, kuma ba a bukatar sandar tokara. Sai dai ba ya hana ƙwarin nan Tuta absoluta da suka yi wa manoman Arewa mummunar ɓarna a 2016, domin su masu tashi ne, ba ruwansu da inda aka rataye bokiti.

Babbar matsalar ita ce ruwa. Ƙasar bokiti ba ta da yawa, iskar hunturu kuwa tana busar da ita nan da nan, saboda haka sai an yi ban-ruwa kowace safiya, wani lokaci har da maraice. Wanda ya yi tafiyar kwana uku bai bar wa kowa amana ba, lalle zai dawo ya tarar da busasshen kara. Har ila yau, jiƙaƙƙen bokiti yana iya wuce kilo 20, watau ƙusar da aka kafa a bangon laka ba za ta riƙe shi ba, sai azara mai ƙarfi ko reshen darbejiya, a wurin da rana ke samunsa.

Game da lokaci, gara a bi sawun manoman fadama a dasa a watan Oktoba ko Nuwamba, domin da zarar zafin Maris da Afrilu ya shigo, furen tumatir kakkaɓewa yake yi ba tare da ya ƙulla ba. Iri mai ƙananan 'ya'ya ya fi dacewa, don manya kan karya reshe. Bakin bokitin da ke sama kuma ana iya dasa masa albasa ko latas.