Haruffa Masu Jirge Da Wurin Da Suka Dace

Duk malamin da ya taɓa fiƙe alƙalamin kara ya sani faɗin bakinsa shi ke sa wani zane ya fito da kauri, wani siriri. To, irin wannan rubutun hannu ne ake kwaikwayo a haruffan ɗab'i da ake kira Zapf Chancery, waɗanda wani Bajamushe, Hermann Zapf, ya zana, aka fitar da su a 1979.

Asalinsu kuwa aikin akawuna ne. Magatakardan ofishin Paparoma a birnin Rum sun saba da wani rubutu mai ɗan jirgewa dama, don hannu ya yi sauri, a kuma karanta ba wahala. Ɗaya daga cikinsu, Ludovico degli Arrighi, har ya wallafa ɗan littafin koyar da shi mai ɗauke da shekarar 1522. Shi Zapf ya bi sawunsu, ya ƙara wa manyan haruffa wutsiyoyi masu lanƙwasa. Da kamfanin Apple ya sa su cikin injin buga takardu a 1986, sai suka bazu ko'ina.

Amma fa haruffan ado ne. Muna ganin sun dace da kanun magana, da katin gayyata, da sunan yaro a takardar shaidar makaranta. In aka cika shafi da su, ido ya kan gaji tun ba a kai rabi ba. Abin da ya fi muni shi ne a jera kalma duka da manyan haruffa, watau wutsiyoyin su sarƙe da juna, har mai takardar ya kasa gane sunansa.