Kafin a shafa mai, a leƙa ciki: yadda wayar hannu ke taimakon masu gyaran tsofaffin bindigogin toka a Amurka

A shekarar 1970 kamfanin Thompson/Center na Amurka ya fito da bindigar toka samfurin Hawken, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, kamar ta 'yan bindigar Hawan Sallah. Fim ɗin Jeremiah Johnson na 1972 ya ƙara buɗe mata kasuwa. Mutane da yawa a wargaje suka saye ta cikin kwali, bututu daban, ƙota daban, kowa ya haɗa tasa a gida. Yanzu wasunsu sun haura shekara 40 a ajiye, kuma 'ya'ya da jikoki ne ke farfaɗo da su.

Aikin farko shi ne tabbatar da cewa babu ɗuri a ciki, domin albarushi kan shekara da shekaru bai mutu ba. Ana zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi mata alama a bakin bututun, sannan a gwada tsawonta daga waje. In ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki, sai a kai wa gwani.

Daga nan sai waya ta shigo. Ƙurar da albarushi ke bari tana jawo laima, laima kuma ta haifi tsatsa, don haka bindiga kan yi kyau a waje alhali cikinta ya cinye. Akwai ƙaramar kyamara mai doguwar igiya da fitila a kai, wadda ake jona wa waya ta USB. Faɗin ramin bindiga mai lamba .50 milimita 12.7 ne, kyamara mai milimita 5.5 kuwa tana shigewa cikin sauƙi. A fuskar wayar za a ga ko tsatsar ta sama ce, wadda ruwan zafi da sabulu da buroshi za su fitar, ko ta yi ramuka masu zurfi. In ta yi, bindigar ta zama ta ado.

Sai wannan ya kammala ake komawa kan ƙota. A kankare tsohon fenti, a bi da sanfefa mai lamba 150, 220, sannan 320, ana bin jijiyar katakon. Inda ya loɓa, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna dutsen guga, tururi ya tayar da wurin. Man linsid ko Tru-Oil kuma kaɗan-kaɗan ake shafawa, a bar kowane shafi ya bushe.

Abin mamaki, da tsatsa ake kare bayan bututun: a sa masa sinadari ya yi tsatsa mai laushi, a goge, a maimaita har ya koma ruwan ƙasa, sannan a shafe da mai.

Tsummokaran da suka sha man linsid kuwa kan kama wuta da kansu in aka dunƙule su, saboda haka a ruwa ake tsoma su.