Itacen da ke cikin gonarka, naka ne ko na gwamnati?

Masu karatu, a shirin manoma da muke gabatarwa a gidan rediyo, akwai tambayar da masu saurare daga Allakaye da sauran ƙauyukan Buza, Madawa da Keita ba su gajiya da aiko mana ita: idan gawo ya tsiro a gonar mutum, ya raine shi har ya girma, yana da ikon sare reshensa ko sai ya nemi izini? Tambayar ta yi kama da ƙarama, amma a cikinta akwai babbar muhawara kan inda ikon hukuma ya kamata ya tsaya, da inda ƴancin talaka ya fara.

Tun dokar daji ta 1935 da Turawan Faransa suka kafa, hukuma ce ke da iko da daji da kuma wasu itatuwa masu daraja, har waɗanda ke tsakiyar gona. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1974 ta bi wannan sawu. Manufar ita ce kare daji, amma dattawa sun san abin da ya biyo baya. Tunda itace na iya jawo wa mai gona tara daga ma'aikatan gandun daji, sai manomi ya gwammace ya cire tsiron tun yana ƙarami lokacin sassabe. Dokar da aka yi don tsare itace sai ta sa mutane suna gudunsa.

Bayan farin 1984 al'amura suka soma sauyawa. A yankin Maradi, wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa dabarar da ake kira sassabin zamani, wato a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a rage shi, a raini masu ƙarfi. A lokacin kuma gwamnati na fama da rashin kuɗi, sintirin ma'aikata ya ragu, manoma suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin nasu. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara ba su ƙarfi, sannan a watan Yulin 2020 aka fitar da doka ta musamman kan wannan aiki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, mafi yawa a Maradi da Damagaram.

Masu ra'ayin taƙaita ikon gwamnati suna yawan kafa hujja da irin wannan labari. Masanin tattalin arziki Friedrich Hayek, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, ya koyar da cewa ilimin da ake bukata wajen tafiyar da tattalin arziki a warwatse yake a hannun jama'a, babu ofishin da zai iya tara shi wuri guda. Manomin Allakaye ya fi na Yamai sanin inda ruwa ke kwanciya a gonarsa, da itacen da gero ke so a gindinsa. Idan ya tabbata amfanin nasa ne da na ƴaƴansa, ba sai an tsaya a kansa ba.

To amma ƙasar Adar ta nuna mana cewa zancen bai ƙare a nan ba. Layukan dogon yaro da suka kare kwarin Majiya daga iska, ƙungiyar CARE ce ta fara dasa su tare da ma'aikatan gandun daji a 1975. Aikin Keita kuwa, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 tare da hukumar FAO, ya tara dubban mutane, galibi mata, suna jera duwatsu da haƙa ramuka a kan tsaunuka. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya yaga gonaki ɗari, manomi ɗaya ba zai iya tare shi ba. Haka kuma ba mu manta da 2005 ba, lokacin da hatsi ke jibge a kasuwa amma tsada ta hana talaka saye. Kasuwa ita kaɗai ba ta ciyar da wanda ba shi da ko dala.

Wata masaniya ƴar Amurka, Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa sau da yawa al'umma kan iya tsara wa kanta dokar amfani da daji, makiyaya da ruwa, muddin hukuma ta amince da wannan tsari. Mu a nan mun san haka tun daga burtali da gayya.

Saboda haka kiranmu ga mahukunta shi ne a bayyana wa manoma dokar 2020 da Hausa, a rediyo da dandalin gari, domin kowa ya san haƙƙinsa, kuma duk tarar da za a karɓa a ba da takardarta. Hukumomin kula da filaye na ƙauye su riƙa rubuta shaidar gona da itatuwanta, tare da kiyaye haƙƙin makiyaya. Ku kuma manoma, in damina ta gabato kuka shiga sassabe, ku bar tohon gawo ya tashi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.