Yadda ake haska tsohon kuɗi kafin a ɗauke shi hoto

A Malanville, inda sefa da naira ke cuɗanya tsakanin kasuwa da gadar Gaya, ba a rasa gidan da ke da ƙullin tsoffin kuɗi a ƙasan adaka: anini da kwabo masu huji, waɗanda Ingilishi suka fara bugawa a 1907, ko liyari na azurfa mai kan Mariya Tareza. In an tashi sayarwa, mai saye daga Kwatano ko Kano hoto zai fara nema. To, a nan ake cutar kai, don hoto marar kyau yakan mai da abu mai daraja tamkar marfin kwalba.

Laifin na haske ne. Fitilar kyamara ko ta waya tana dukan ƙarfen gaba da gaba, sai ƙyalli ya shafe rubutun. A kashe ta. Rubutun kuɗi tudu ne da kwari, kuma inuwa ce ke fito da shi. Saboda haka a shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga da hantsi, a ɗora kuɗin, hasken ya zo daga gefe guda. In ya yi kaifi, a rataya farin mayafi a tagar. Lokacin hunturu ma hazo ya ɗauke muku wannan aiki. A ɗaya gefen a jingina farar takarda ta mayar da ɗan haske, kada inuwar ta yi baƙi ƙirin.

Kuɗin da ya suɗe kuwa, tocila ake kwantarwa kusan daidai da tabarma a ɗaki mai duhu, ana juya kuɗin sannu a hankali har shekarar ta bayyana. Shekara na da muhimmanci: akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba. Amma kada 1780 da ke jikin liyari ta ruɗe ku, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har yau. Nauyinsa ya kamata a gwada, wajen giram 28.

Don Allah kada a goge kuɗin da toka ko lemun tsami. Masu tara irin waɗannan kuɗi sun fi son su da dattin tsufansu, kuma a hoto kowane ƙarzo sai ya fito.