Ɗigon Sukari ko Ƙirjin Uwa

Jaririn da ke kwance a kwalba a sashen kulawa ta musamman ba ya rabuwa da allura. A soke shi a diddige a ɗebi jini, a nemi jijiya a sa robar ruwa, a zuƙe masa majina. Binciken da Ricardo Carbajal ya jagoranta a asibitocin yankin Paris, wanda ya fito a 2008, ya gano jariri kan sha irin wannan azaba kamar sau 10 a rana, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ayyukan an yi su ne ba tare da an ba shi abin rage zafi takanas ba.

Mafi sauƙin mafita ita ce ruwan sukari, a ɗiga masa a harshe minti biyu kafin allura. Ga arha, ga sauri, nas ɗaya ta isa ko da tsakar dare ne. Kuka ya ragu, fuska ta saki. Sai dai a 2010 Rebeccah Slater da abokan aikinta a Landan sun auna abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa, suka tarar fuska ta lafa amma alamar zafin tana nan yadda take. Jarirai 59 ne kacal, likitoci kuma sun yi ta muhawara a kai. Duk da haka abin yana tsaya mini a rai, domin har tsakiyar shekarun 1980 ana yi wa bakwaini tiyata ba isasshen maganin kashe zafi, bisa zaton ba ya ji. Shirun jariri ya taɓa yaudarar likitoci.

Ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a Bogota ta Kolombiya Edgar Rey ya faro shi a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Daga baya aka lura idan an soke shi a nan, cikin ɗumin uwa da ƙamshinta, kukansa ya fi gajarta. Sai dai wahalar wannan hanya a fili take. Mai jegon da aka yi wa aiki ba ta iya tasowa, jaririn da ke kan na'urar numfashi kuma ɗaga shi sai da hannaye da yawa. A irin wannan hali a ba shi sukarin, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Amma yawancin ɗibar jini ba na gaggawa ba ne. Ana iya jinkirta shi har uwa ta iso, a ajiye mata kujera kusa da kwalba, nas ta sunkuya ta yi aikinta jariri yana jikinta.