Rand 20 Ɗin Dikeledi

Kuɗin makaranta ne suka kai Dikeledi Mokopi gidan yari. Ɗanta na fari, Banabothe, ya ci jarrabawar kammala firamare da kyakkyawan sakamako, uwar ta ƙirga abin da ta yi shekaru tana tarawa, ta tarar saura rand 20 kuɗin sakandare su cika. A kan wannan ɗan giɓi Bessie Head ta gina gajeren labarinta "The Collector of Treasures", wanda ya fito a 1977.

Marubuciyar 'yar Afirka ta Kudu ce da wariyar launin fata ta koro zuwa Botswana a 1964. A garin Serowe ta zauna cikin talakawa har rasuwarta a 1986, don haka ta san matan da take ba da labarinsu.

Mijin Dikeledi, Garesego, akawu ne a ofishin gwamnati. Da Botswana ta sami 'yancin kai a 1966, albashinsa ya tashi daga rand 50 zuwa 200 a wata. Ko sisi bai shigo gida ba. Giya da matan waje suka cinye, ya tsallake ya bar ta da 'ya'ya maza uku. A nan, a ganina, idon Head ya fi kaifi: kujera da albashin da Bature ya bari hannun maza suka faɗa, mace kuwa aka bar ta inda take, da allura da zare. Dikeledi ta yi saƙa, ta yi ɗinki da keken maƙwabciyarta Kenalepe, ta yi wa mutane rufin ɗaki da ciyawa, shekara takwas tana ciyar da yaran da guminta. Duk wanda ya karanta "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu zai tuna Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci.

Da Dikeledi ta cire kunya ta je roƙon cikon kuɗin, sai Garesego ya jefe ta da ƙazafi, wai ai tana da wanda ke ɗauke da ita, wato Paul Thebolo, mijin Kenalepe. Daga baya ya aiko da takarda: zai dawo gida, a dafa masa abinci, a ɗora ruwan wanka. Ta fahimci abin da zai karɓa a madadin kuɗin. Ta wasa wuƙa. Da barci ya kwashe shi, ta yanke masa gaba, ya mutu.

Head ba ta wanke kisan ba, amma ta hana mai karatu kawar da kai daga abin da ya jawo shi. Paul ya yi alkawarin riƙe yaran da biya musu makaranta. Ita kuwa Dikeledi, wadda sunanta ke nufin hawaye a harshen Setswana, an yanke mata ɗaurin rai da rai. A kurkukun Gaborone ta iske wasu mata huɗu, kowace mijinta ta kashe.