FASHIN BAƘI: Wace na'urar gano ƙarfe ta dace mutum ya haɗa da kansa don neman tsofaffin kuɗi a gona?

A ranar 16 ga Nuwamba, 1992, wani dattijo mai suna Eric Lawes ya shiga wata gona a ƙauyen Hoxne da ke Ingila riƙe da na'urar gano ƙarfe, domin ya taya abokinsa manomi neman gudumar da ta ɓace masa. Kafin ya kai ga gudumar sai ya ci karo da cokulan azurfa da tsabar kuɗin zamanin Rumawa. Da masana suka kammala tono aka yi ƙidaya, an samu tsaba 14,865 na zinariya da azurfa da tagulla, aka kuma biya ladan fam miliyan 1.75, wanda ya raba da manomin.

Irin wannan labari ne ke jan hankalin masu gyaran rediyo da ɗaliban fasaha zuwa ga haɗa na'urar da hannunsu, tun da ta kamfani mai inganci kan ci ɗaruruwan daloli, alhali zane-zanen haɗa ta suna nan kyauta. Sai dai zane-zanen sun kasu gida uku, kuma wanda ya fi sauƙin haɗawa shi ne ya fi rashin amfani a gona. Abin da ya kamata ya yanke wa mutum hukunci shi ne irin ƙasar da zai bi da kuma tarkacen da ke cikinta.

Yadda take jin abin da ke binne

Kowace na'urar gano ƙarfe tana da faifai a ƙarshen sandarta, a cikinsa kuma akwai naɗin wayar tagulla. Idan lantarki mai sauyawa ya ratsa naɗin, yakan haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke shiga ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai wani ɗan lantarki ya taso a jikin ƙarfen yana kewayawa, shi ma ya haifar da nasa maganaɗisun mai rauni. Wannan amsa ce na'urar ke saurare, ta mayar da ita ƙara a kunnen mai nema.

Amsar tana dusashewa da sauri ƙwarai. Idan ƙaramin abu ya yi nisa da faifai, ninka zurfinsa sau biyu na iya rage ƙarfin amsarsa har kusan sau 64. Shi ya sa ƙara yawan batir ba ya ƙara zurfi yadda masu koyo ke zato. A aikace, ko na'ura mai kyau ba ta cika jin tsaba guda ɗaya fiye da santimita 20 zuwa 30 ba, wato kusan faɗin faifanta. Duk wanda ya ce na'urarsa tana hango zinariya daga nisan kilomita, ko tana jin kwabo a zurfin gaba biyu, yaudara yake yi.

Gona kuwa tana da wani rangwame: garma tana juya ƙasa kowace shekara, tana ɗago abin da ke ƙasa zuwa sama. Yawancin tsabar da ake tsinta a gonakin Ingila a wannan ɓangare da garma ke juyawa suke, ba su yi wani zurfi ba. Matsalar mai nema a gona ita ce yawan ƙarfen banza: ƙusoshi, gutsuren fartanya, waya, murafun kwalba, gwangwanaye. Na'urar da ba ta iya bambanta ƙusa da azurfa za ta sa mai ita tono har ya gaji ya jingine ta.

Gida uku na zane

Na farko shi ake kira BFO. Yana da da'irori biyu masu kaɗawa da sauri kusan ɗaya, guda tana haɗe da faifai, guda tana zaune daram. Idan ƙarfe ya kusanci faifai, saurin ta farko ya gurɓata, sai bambancin ya fito a matsayin sauyin ƙara. Da 'yan tiransisto kaɗan da waya da dalma ana iya gama shi a yini guda. Amma zafin rana kaɗai yana karkatar da shi, ɗaga faifai ko sauke shi yana sauya ƙararsa, kuma tsaba sai ta kusa fitowa fili yake jin ta. Darasi ne mai kyau ga mai koyon naɗa waya, amma wanda ya shiga gona da shi ba zai daɗe ba zai gane cewa araha ba ta ado.

Na biyu shi ne PI, mai aiki da bugun lantarki. Naɗi guda ne a faifansa. Ana tura masa lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙanƙanen lokaci, a yanke shi farat ɗaya, sannan a saurari yadda maganaɗisun ke mutuwa. In akwai ƙarfe a kusa, mutuwar takan ɗan yi jinkiri. Ana maimaita haka ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda. Faifansa ba shi da wuyar yi, yana kai zurfi, kuma ruwan gishiri ko ƙasa mai ma'adini ba sa dagula shi kamar sauran. Zane-zane irin su Surf PI da Hammerhead sun yi suna a tsakanin masu haɗa na'ura a gida saboda haka. Aibinsa biyu ne: yana cin batir, sannan sauƙaƙan nau'o'insa ba sa tantance ƙarfe. Tsatsattsiyar ƙusa ma takan fi tsabar azurfa ƙara a kunnensa. Akwai kuma abin kiyayewa wajen haɗawa, domin a lokacin yanke lantarkin ƙarfinsa kan yi tsalle zuwa ɗaruruwan bolt a bakin naɗin, abin da ke ƙona kayan da ba su dace ba.

Na uku, wanda ake kira IB ko VLF, shi ne tsarin da akasarin na'urorin neman tsaba na kamfanoni ke bi. Naɗi biyu ne, mai aikawa da mai karɓa, an ɗora su ta yadda mai karɓar ba ya jin komai daga ɗan uwansa sai ƙarfe ya shigo tsakani. Fa'idarsa babba ce. Baƙin ƙarfe da azurfa ba sa mayar da amsa a lokaci ɗaya, akwai ɗan jinkiri da ya bambanta su, kuma da'irar tana auna wannan jinkiri ta yi watsi da ƙusa ta yi ƙara a kan tsaba. Zanen TGSL, wanda aka samo daga wata tsohuwar na'urar kamfanin Tesoro, yana cikin waɗanda aka fi haɗawa a wannan gida.

Wahalar IB tana cikin faifai. Dole a yi ta matsar da naɗin biyu a hankali har a kai inda amsar ta yi ƙasa iyaka, sannan a daskarar da su da gam mai ƙarfi ba tare da sun motsa ko da kaurin farce ba. Gam ɗin kansa, yayin da yake bushewa, yana iya ja ya ɓata daidaiton. Ana kuma naɗe kowane naɗi da siririn alminiyam don kada jiƙaƙƙiyar ciyawa ta riƙa tayar da ƙarar ƙarya, amma wajibi ne a bar ɗan giɓi a rufin. In aka rufe shi ya zagaye gaba ɗaya, ya zama zoben ƙarfe a jikin faifan, na'urar ta kurmance. A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Wanda ba shi da hanyar samun osiloskof, wato na'urar da ke nuna siffar sigina a allo, wadda akan samu a ɗakunan gwaji na kwalejojin fasaha, zai yi ta lalube ne cikin duhu.

Ƙasa ce alƙali

A gonar da ke kusa da kufai ko tsohuwar kasuwa, inda mutane suka daɗe suna zubar da ƙarfe, IB ce ta dace, ko da za ta ci makonni kafin ta daidaita. A jigawa mai yashi, irin wadda ta yawaita a arewacin Kano da Katsina har zuwa Damagaram, tana aiki ba tare da wata matsala ba.

Jar ƙasa mai marmara ce ke sauya lissafin. Tana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, har ita kanta takan amsa wa na'ura kamar an binne wani abu a ko'ina. IB da ba ta da maɓallin daidaita ta da ƙasa za ta yi ta kuka ba dalili, don haka duk zanen da ba shi da wannan maɓalli bai cancanci a ɓata masa waya ba. A irin wannan ƙasa PI ta fi haƙuri, abin da ya sa masu neman zinariya a jar ƙasar Ostireliya suka rungume ta, kuma na'urori masu wannan tsari suka yi tashe a Sudan da kuma Djado ta Jamhuriyar Nijar bayan ɓullar zinariya a can a 2014. Amma waɗancan na kamfani ne masu tsada, da dabarun cire amsar ƙasa da sauƙaƙan zane-zanen gida ba su da su.

Kafin a amince da kowace na'ura, a gwada ta a ƙasar da za a yi aiki. A binne tsaba a santimita 10 da 15 da 20, a binne wata kusa da ƙusa, a bi ta kansu. Gwajin da ake yi a iska, ana kaɗa tsaba a gaban faifai a kan tebur, kullum yana ƙara wa na'ura girman da ba ta da shi.

Me ke kwance a gonakin ƙasar Hausa?

A nan ne ya kamata mai buri ya sassauta. Ingila ta yi kimanin shekara dubu biyu tana mu'amala da kuɗin ƙarfe, shi ya sa a 2010 aka iya tono tukunya guda a kusa da garin Frome ɗauke da tsaba 52,503. Ƙasar Hausa kuwa da wuri ta yi ciniki har zuwan Turawa, kuma wuri ba ƙarfe ba ne, babu na'urar da za ta ji shi. Kuɗin azurfar da ya zaga kasuwanni shi ne irin su dalar Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, kuma darajarta ba ta barin a yi sakaci da ita: matafiyin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri kusan 2,500.

Abin da ya fi yiwuwa a tsinta shi ne kuɗin zamanin mulkin mallaka da na farkon 'yancin kai, kafin zuwan naira a 1973: anini da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi da sule. Suna da daɗin riƙewa a hannu, suna da tarihi, har aninin 1907 yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Amma an buga yawancinsu da yawan gaske, kuma ba kasafai kuɗin sayar da su ke biyan wahalar tono ba. Akwai kuma tarko: anini da kwabon da aka yi da gaurayen tagulla da nikel suna ba da amsa mai kama da ta tarkacen alminiyam. Wanda ya murɗa maɓallin tantancewa don ya huta da tarkace zai zubar da su tare, har da ƙananan kayan zinariya.

Izini da haɗari

A Ingila da Wales, dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya samu abin da ya kai matsayin taska ya sanar da hukuma cikin kwana 14, kuma dole sai da yardar mai gona ake shiga. Wasu mutum biyu da suka ɓoye taskar zamanin Bayikin da suka tono a Herefordshire a 2015 sun ƙare a gidan yari a 2019, yawancin tsabar kuma ba a gan su ba har aka yanke musu hukunci.

A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izininta, ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa kuma mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Dalilin tsaurin a bayyane yake ga wanda ya san yadda aka wawushe wuraren tarihin Nok a shekarun 1990. Tukunyar kuɗi da aka fasa da diga ta rasa bayanin da masana za su karanta daga yadda aka binne ta, kuma ba ya dawowa. Mutumin da ya gano ta Frome ya dakata da tono ya kira masana, shi ya sa aka iya nazarin yadda aka jera tsabar a cikinta. Fiƙihu ma yana da nasa hukunci, ya bambanta tsintuwa, wadda ake yi wa cigiya har shekara, da rikazi, wato dukiyar da mutanen da suka binne, wadda ake fitar wa kashi ɗaya cikin biyar.

A sassan Borno da Yobe da Adamawa da rikici ya shafa, akwai gonakin da har yanzu ke ɗauke da nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba, kuma sun hallaka manoma da yara. Na'urar gida ba ta bambanta ƙarar kwabo da ta abin fashewa, wasu nakiyoyin ma ƙarfen jikinsu kaɗan ne ƙwarai har ba za ta ji su ba. A irin waɗannan wurare aikin na ƙwararrun masu kwance nakiya ne, kuma duk baƙon ƙarfen da aka gani a gona jami'an tsaro ake sanar wa ba tare da an taɓa shi ba.